Afolo a Filin Nakiya

Tun da na dawo daga Chadi ban huta da tambaya ba. A bakin coci a tare ni, a kasuwar Malumfashi a tare ni, har a ɗakin shan maganin da nake aiki mutum zai zo yana riƙe da ciki, amma kafin ya faɗi abin da ke damunsa sai ya fara tambaya ta yaya Chadi. Na maimaita labarin har na fara jin wasu suna ba ni shi da ƙarin da ban sani ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in yi allurata.

Sunana Bitrus, mutumin Gozaki, malamin asibiti. Wankin gyambo, allura da ɗinkin sara, su ne aikina. Ban taɓa riƙe bindiga ba, kuma ni mutum ne mai jiki, irin wanda in ya shiga mota sai direba ya dube shi ya dubi taya. Wanda ya ja ni wannan tafiya shi ne Saja Mamman na Danja, abokina tun muna samari muna kai auduga Funtua. Shi ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya koyi tonon nakiya. Da aka sallame shi sai ya kama aiki da wata ƙungiyar agaji ta Turawa mai kwashe nakiyoyin da yaƙi ya bari a ƙasa. Ya zo har gida ya ce mai yi musu magani ya ajiye aiki, suna neman wani na wata uku, kafin damina. Ya rantse mini cewa ƙafata ba za ta taka filin ba, nawa kawai in zauna a inuwa da akwatin magani.

Uwargida Saratu ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Surukata kuwa, da yake kunnenta ya yi nauyi, nakiya kaɗai ta ji, ta ce in ta zuma ce in riƙo mata kaɗan.

Bayan Ista muka tashi. Saja ya shiga Fijo a Funtua ya kama mini wuri, suka ɗauke ni a Malumfashi, muka bi ta Gwarzo zuwa Kano. A tashar Kano na fara lura da cewa baƙin tabarau ya yi yawa. 'Yan dako da tabarau, mai shayi da tabarau, har wata tsohuwa mai kunu. Na ɗauka yayi ne, sai da wani ya ɗaga nasa don ya share kwantsa na ga ido jawur kamar gauta. Afolo ne ya dawo, ciwon idon nan da ya zaga duniya shekarun baya. Ba ya kisa, amma yana like ido da kwantsa, ya sa mutum ya ji kamar an zuba masa yashi, kuma in ya shiga gida sai ya gama da kowa.

A motar Maiduguri mutane sun yi imani cewa da kallo ake ɗaukar ciwon. Kowa ya sunkuyar da kai, direba ya juya madubinsa na ciki ya kalli rufi. Wata Hajiya da ke bayana ta yi mana bayani cewa Turawan da suka hau wata ne suka kwaso ƙurarsa, ita ce har yau take yawo. Na juya don in gaya mata hannu ne da tawul da ƙuda suke yaɗa shi, ta rufe fuska da gyale ta ce in yi maganata ina kallon gaba. Haka na yi wa ƙeyar wani mutum lacca daga Wudil har kusa da Potiskum.

A Maiduguri muka sauka gidan wani tsohon soja, abokin Saja. Ya ba mu ɗakin da yake ajiye busasshen kifi. Aka kawo mana burabusko da miyar da ta sha kifi, muka kwana a cikin kifi, da safe kyanwowin unguwa suka raka mu har tasha.

A bakin iyaka muka tarar da layi. Jami'in lafiya an ba shi umarni ya duba idon kowane matafiyi, shi kuma yana tsoron kallon idon mutane. Sai ya samo dabara. Ya cire madubin babur ya ɗaure a jikin bishiya, ya zauna ya juya mana baya. Kowa zai zo ya tsaya a bayansa ya gwale ido, shi kuma ya leƙa madubi. Da layi ya zo kaina, fuskata ta ƙi shiga madubin. Ya ce in ja baya, na ja, ya ce yanzu kuma ba ya ganin idon. A ƙarshe ya duba na dama, na matsa, ya duba na hagu, ya buga mini hatimi sau biyu. Na tambayi Saja ko in gaya masa gaskiyar yadda ake ɗaukar ciwon, ya ce in bari sai mun ƙetare.

Mun ratsa ɗan yankin Kamaru a bayan akori-kura. A nan na fara ganin burodin mutanen Faransa, dogo kamar taɓarya, ana rataya shi a hammata ba leda ba takarda, ga zufa. A Kusuri muka shiga kwalekwale. Mai fito ya sa ni a tsakiya ya ce kada in yi ko atishawa. Muka ƙetare kogi muka shiga Injamena, inda bangon gidaje duk ramukan harsashi ne, amma mutane na zaune a gindinsu suna shan shayi a ƙananan kofunan gilashi. Shayinsu baƙi ƙirin, sukari kuwa har cokali ya kusa tsayawa. Mu a gida kofi guda ne babba da madara ka tashi. Su sai an yi zagaye uku, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya.

Sansanin ƙungiyar yana wani ƙauye, tafiyar rabin yini daga birni. Sunansa ya gagari harshena, mu dai Rijiya muke ce masa, don rijiyar ce ta kai mu. Mayaƙa sun binne nakiyoyi kewaye da ita da gonakin da ke kusa, mata kuma sun koma tafiya mai nisa zuwa wani tafki da shanu ke sha. In damina ta sauka ruwa zai iya kwashe nakiyoyin ya sauya musu wuri, aikin da aka yi duk ya lalace. Don haka kowa yana kallon sama.

Shugaban aikin wani Bature ne siriri da muke kira Mai Usur, saboda ba ya rabuwa da shi. Ma'aikatan tono su goma sha biyu ne, akasarinsu 'yan ƙasar. Mai dafa mana abinci ita ce Hajje Zara, 'yar ƙauyen, wadda ta iya Hausa saboda ta yi zaman gudun hijira a Maiduguri. Tuwon gero take yi kullum da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen nama, ba daddawa. Da na ba ta tawa ta shinshina, ta tambaye ni cikin ladabi ko magani ce.

Aikin kansa ba shi da wuyar ganewa. Kowane mai tono yana da layinsa, faɗinsa bai fi taki ɗaya ba. Yana durƙushe, ya saurari na'urar gano ƙarfe a kunne, ya tsokaci ƙasa da tsinken ƙarfe a hankali, ya matsa gaba kaɗan. Inda aka share ana jera fararen duwatsu, inda ba a share ba jajaye. Tsakanin mai tono da ɗan'uwansa akwai tazara mai yawa, don in abu ya tashi kada ya ɗauki biyu.

Kwanana takwas da zuwa direban motar ruwa ya tashi da ido a like. Kafin mako ya zagayo mutum biyar sun bi shi. Mai Usur ya kira ni muka zauna, ya ce mai ciwon ido ba zai shiga fili ba, aiki kuma ba zai tsaya ba, in faɗa masa yadda za a yi. Muka tsara dokoki ya rubuta a allo. Ba musabaha. Kowa da butarsa da tawul ɗinsa. Robar kunnen na'ura za a riƙa tafasa ta bayan kowa ya yi amfani da ita. Kowace safiya zan duba idon kowa kafin a ba shi tsinke. Za a raba tantuna, masu lafiya gefe, masu ciwo gefe.

A allo abin ya yi kyau. Robar kunne ta sha tafasa har ta ƙanƙance, ta daina shiga kunnen kowa sai na wani ɗan tsurut mai suna Abakar, wanda ya zama dole ya riƙa zagayawa layi-layi yana yi wa mutane sauraro. Tantin masu ciwo kuwa, da aka rasa abin da za a yi masa iyaka, sai aka kewaye shi da jajayen duwatsu, har muka sa masa suna Unguwar Ja. Da mutanen ƙauye suka hango, suka ɗauka an gano nakiya a cikin sansaninmu, masu kawo nono da itace suka ɗauke ƙafa kwana uku. Su kuma masu ciwon, hannuna bai isa ya hana su maganin gargajiya ba. Na kama mai ɗiga ruwan albasa, na kama mai ruwan sukari, na ƙwace ruwan batir daga hannun direba yana shirin zubawa.

Hanin musabaha ya fi komai wahala. Mutanen can in suka kama hannunka ba sa saki sai sun tambayi lafiyar kowa har jakinka, su dafa ƙirji, su sake kamawa. Wata rana aka aike mu, ni da Saja, gidan wani dattijo mai ciwon ƙafa. Ya miƙo hannu, na rungume nawa a ƙirji, Hajje Zara ta yi masa bayani. Ya ji ba daɗi, amma don ya nuna bai riƙe ni ba, ya tashi daga kan kujerarsa ya ce in zauna. Wata 'yar kujera ce kewayayya mai faɗi, an shimfiɗa mata buzu. Na tattara riga na fara sauka, sai na ji Saja ya ce a hankali, "Likita, tsaya yadda kake. Kada ka ƙarasa."

Na tsaya a rabin zama. Ya zagayo ya ɗaga gefen buzun, sai ga koren ƙarfe. Nakiyar tankar yaƙi ce. Dattijon ya ce a bakin hanya ya tsince ta tun bara, kuma ba ta taɓa ba shi matsala ba. Saja ya yi mini bayani daga baya cewa irin wannan sai ta ji nauyi sosai take tashi, dattijon kuma duk jikinsa bai kai buhun gero ba. Game da ni kuwa, sai ya dube ni daga sama har ƙasa. Da aka zo ɗauke ta, dattijon ya ƙi sai da Mai Usur ya ba shi kujerarsa ta ofis.

A mako na shida masu ido mai lafiya cikin masu tono saura uku: Saja, Abakar da wani guda. Mai Usur kansa ya koma Unguwar Ja, yana kwance da jiƙaƙƙen tsumma a fuska, yana ba da umarni ta amsa-kuwwa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, ya watse. Layin Saja shi ne ya nufi rijiya kai tsaye, saura kaɗan ya isa. Hajje Zara kuwa kullum in ta kawo abinci sai ta tambayi taki nawa ya rage.

Ranar da abin ya faru, Saja ya zo layin duba ido da baƙin tabarau. Ya ce hasken rana ne ke damunsa. Na ce ya cire. Ya matso ya ce da ni, "Malam Bitrus, kwana biyu ya rage mini. In na kwanta, ruwa zai riga mu." Na ga gefen idonsa ya ɗan yi ja. Na san abin da na gani. Na rubuta lafiya, na ba shi tsinkensa. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa wani ba.

Da hantsi ya yi na hango shi can ƙarshen layi ya ɗaga hannu ɗaya sama, bai motsa ba. Wannan ita ce alamar mutum yana cikin matsala. Na sa aka gaya wa Mai Usur, ya busa usur daga kwance, sauran biyun suka tsaya cak a layukansu can nesa, domin doka ta ce in an busa ba mai motsi. Saja ya ɗaga murya ya ce zufa da kwantsa sun like masa ido, ya goga da hannun riga abin ya ƙaru, ya juya neman gorar ruwa kuma yanzu bai san ina ne gaba ba. Ya ce akwai nakiya guda ɗaya da ya tono rabi, tana kusa da gwiwarsa, amma bai san wace gwiwar ba.

Na duba dama na duba hagu. Duk wanda ya san aikin, ko yana tsaye a fili ko yana kwance ba ido. Amsa-kuwwa ta kira sunana. Mai Usur ya ce layin a share yake, in na bi tsakanin fararen duwatsu ba abin da zai same ni, kuma in tuna da doka, kada in taɓa hannun mai ciwo. Hajje Zara ta miƙo mini muciyarta, da sauran tuwo a jiki, ta ce Saja ya riƙe wancan bakin.

Na rataya gorar ruwan gishiri a wuya na shiga. Taki ɗaya faɗi ne mai yawa in kana kallo daga inuwa. Da na shiga sai na ga kamar an auna shi da Abakar. Cinyoyina suna gugar juna, ina ɗaga ƙafa kamar mai tafiya a kan ƙwai, ina karanta Addu'ar Ubangiji, in na kai tsakiya in manta in koma farko. Saja yana jin numfashina tun daga nesa, ya fara yi mini hira. Ya tambaye ni ko an fara sharar gona a Gozaki, ko har yanzu ina da jan bijimin nan. Ina amsawa ban san me nake cewa ba.

Da na iso na gan ta. Wani ɗan abu ne kamar gwangwanin man shafawa, rabinsa a waje, tazararsa da gwiwar Saja ta hagu ba ta kai tafin hannu ba. Na gaya masa. Ya ce, "To madalla. Yanzu ka faɗa mini inda zan sa ƙafar dama."

Na miƙa masa muciya, ya lalubo ya kama. Ya fara miƙewa, hannunsa ya zame a kan tuwon, ya yi tangaɗi zuwa hagu. Ban san lokacin da na saki muciyar na cafki wuyan hannunsa ba. Muka tsaya haka, ba mai numfashi. Sannan na buɗe gorar da haƙori, na cire masa tabarau, na wanke idon da yatsuna, na ɓamɓare kwantsar har ya iya buɗe na dama kaɗan. Duk wannan lokaci amsa-kuwwa tana ta nanata cewa a kiyaye tazara, ba taɓa hannu, ba taɓa fuska, don Mai Usur ba ya ganin komai kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa.

Juyawata a cikin layin ta ɗauki lokaci fiye da zuwan. Saja, da rabin ido guda, shi ya riƙa gaya mini yadda zan juya diddige kaɗan-kaɗan. Muka fito yana riƙe da bayan rigata. Da na taka wajen fili na zauna a ƙasa. Hajje Zara ta zo ta tsaya a kaina ta tambaye ni ina muciyarta.

Da yamma na je bakin jajayen duwatsu na gaya wa Mai Usur cewa na ga jan idon tun da safe na bar shi ya shiga. Daga ƙarƙashin tsummansa ya ce daga gobe mutum biyu za su riƙa duba ido, kuma na biyun Hajje Zara ce, don ita ba ta da aboki. Kwana biyu bayan haka na tashi idona a like. Aka kai ni Unguwar Ja, aka shimfiɗa mini tabarma kusa da direban da na ƙwace wa ruwan batir, wanda ya yi ta ba ni shawarwari.

Abakar ne ya ƙarasa layin. Ya cire wadda ke kusa da gwiwar Saja, ya cire wasu biyu a gabanta, ya dawo wa Hajje Zara da muciyarta. Aka yashe rijiyar. Ranar da aka buɗe hanya ina kwance, ciwon ya kai maƙura, ko hasken tanti ba na iya jurewa. Na ji guɗar mata, na ji ƙarar bokitai suna wucewa. Sai na ji muryar Saja a bakin tanti, idonsa ya washe, yana cewa in tashi. Na ce ba na gani. Ya ce ya sani. Ya kama hannuna ya ɗora a kafaɗarsa, muka bi layin nan ɗin dai, mata suna ratsa mu ta gaba da baya, ruwa yana fantsamo mini a ƙafa. A wani wuri ya ɗan tsaya ya ce nan ne, sannan muka wuce.

A bakin rijiya Hajje Zara ta sa mini ƙwarya a hannu. Ni ne na yi wata biyu ina yi musu wa'azin a tafasa ruwa kafin a sha. Ruwan yana da sanyi da ɗan zartsi da ƙamshin laka. Na shanye, na miƙa ƙwaryar aka ƙaro.

Ruwan sama ya sauka bayan kwana huɗu, a daidai lokacin da ake loda tantuna a mota. Na iso Gozaki na tarar Saratu ta riga ta sa an yi mini shuka.